Wata Na Sha Uku Da Balatu Ya Shafe

Tun kafin rundunar Dur-Zakiti ta fita ƙofar gabas, an riga an yi kuskuren da zai cinye ta. A kan wani ɗan allon yumɓu aka yi shi, wanda bai fi tafin hannu ba, kuma wanda ya yi shi ya san abin da yake yi.

Dur-Zakiti birni ne a ƙasar Babila, a bakin wani reshe na kogin Furatu, a zamanin da mutanen wajen suke bautar gumaka, suna kuma neman nufin gumakan a sararin sama. Sarki Tabni-Ilu ke bisa gado. A tsakiyar birnin akwai hasumiya mai hawa bakwai, kuma mutum ɗaya ne yake da iznin hawa na bakwai, wato Balatu, Mai Duban Sama.

Kowace yamma, idan rana ta sunkuya, sai Balatu ya ɗauki curin yumɓu a cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya saƙala tsinken kara a bayan kunne, ya hau. Ya zauna shi kaɗai, ya duba, ya rubuta: inda wata ya tsaya, wane tauraro ya fito, wane ya ɓuya, daga ina iska take, ruwan kogi ya hau ko ya sauka. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. A gindin hasumiyar akwai ɗaki mai sanyi inda aka jera allunansu na sama da shekara ɗari biyu. Ƙa'idar gidansu guda ce, kuma da ita aka yaye shi: abin da ido ya gani shi hannu zai rubuta. In hadari ya rufe sama, sai a rubuta "hadari, ban gani ba". In ana kwafar tsohon allo aka iske gefensa ya gutsure, sai a rubuta "ya karye", ba a cike gurbin da tsammani.

Shekararsu ta wata ce, alhali gonakinsu rana suke bi, don haka bayan 'yan shekaru sai watanni su riga girbi. Maganin abin shi ne a ƙara wata guda. Idan jinjirin watan farko, wanda suke kira Nisanu, ya tsaya, sai a duba yaushe zai iske taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. In ya iske su a yammacin farko, shekara daidai take. In kuwa sai a yamma ta uku, to, watan ya yi gaggawa, sai sarki ya sa a yi shela cewa wannan ba Nisanu ba ne, maimaicin watan ƙarshe ne, Addaru na biyu, sabuwar shekara ta jira kwana talatin. In hadari ya rufe kwana ukun duka, al'ada ita ce a bar shekara yadda take.

Kuma a ƙasar nan sarki ba ya fita yaƙi, ba ya kuma aika runduna, sai ya kama hannun gunkin birni a bikin sabuwar shekara, wanda ake gamawa ran sha ɗaya ga Nisanu.

Saura kwana uku Addaru ya ƙare, wani manzo ya iso fada da ƙafafu a farfashe. Daga Bab-Shadi ya fito, ganuwar da ke tsare hanyar duwatsun gabas. Ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, Makiyayin Dur-Zakiti, mutanen duwatsu sun kewaye mu. Mu ɗari uku ne a ciki, su ba su ƙirguwa. Mun raba abinci biyu tun kafin in fito. Da wannan rabon, sha'irin da ya rage zai kai mu kwana talatin da biyar daga yau. Bayan nan sai fatun garkuwa."

Balatu yana zaune a ƙarshen sahu, inda ake ajiye shi kullum. Bai ɗaga kai ba, amma kowa a fadar ya san ɗansa Nadinu yana cikin ɗari ukun nan, shugaban 'yan baka hamsin. Shi ke nan gare shi. Shekara shida da suka wuce Nadinu ya ajiye tsinken rubutu a gaban ubansa ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana tsaga laka ba. Balatu ya ce masa in ya fita kada ya dawo. Bai kuwa dawo ba.

Sarkin Yaƙi Hashdaya ya miƙe, ƙaton mutum mai murya kamar ana mirgina tulu. Ya ce, "Zaki, maganar ba ta da tsawo. Akwai alƙawari rubutacce tsakaninmu da Sarkin Bit-Hamri: duk shekarar da mutanen duwatsu suka sauko, rundunarsa da tamu za su haɗu a mashigin kogin Zubi ran ashirin da biyar ga Nisanu. A gama biki ran sha ɗaya, in fita ran sha biyu, kwana goma sha uku ina mashigi. Daga nan zuwa Bab-Shadi wuni guda ne. Zan same su da sauran tuwo a tukunya."

Waziri Ubaru ya gyara zama. Shi siriri ne, ba ya ɗaga murya, kuma shekara goma ke nan yana neman abin da zai rage wa Hashdaya tsawo. Ya ce, "Sarkin Yaƙi ya iya ƙirga, ranka ya daɗe, sai dai ya ƙirga da watan da bai tabbata ba tukuna. Jiya na bi ta gonakin bakin kogi. Sha'ir kore ne shar, ko kai bai gama fitarwa ba. Ban taɓa ganin Nisanu na gaskiya ya zo ya iske gona haka ba. Ina jin shekarar nan tana da wata na sha uku."

"Ashe Waziri ya koma noma," in ji Hashdaya. "Mu taya shi murna, a ba shi fartanya."

Aka yi 'yar dariya, sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Ba Waziri ke yanke wannan ba, ba kuma Sarkin Yaƙi ba. Mai Duban Sama, ka hau ka duba. Ran huɗu ga wata ka kawo mana allonka."

Balatu ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ya riga ya yi ƙirgar a ransa. In babu ƙari, kwana ashirin da tara. In akwai, hamsin da tara.

Akwai kuma abin da ya sani wanda ba kowa ya sani ba. Shekara ashirin ya yi yana jera allunan kakanninsa yana gwama su, har ya gano cewa ƙarin watan ba ya zuwa barkatai: a cikin kowace shekara goma sha tara, bakwai ne masu wata goma sha uku, kuma suna bin juna da tsari. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ba shi da wanda zai faɗa wa. Bisa wannan tsarin, bana shekarar ƙari ce.

Da ya koma gida ya iske matarsa Amtiya a tsakar gida tana tsince dabino, labari ya riga shi isowa. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

Ta ce, "Maigida, an ce a hannunka abin yake."

"A sama yake."

"Sama ba ta da hannu. Kai ke rubutawa."

"Abin da na gani nake rubutawa, Amtiya. Kin sani."

"Na sani. Shekara talatin ina kai maka abinci gindin matakala, na san komai." Ta jefa wani ruɓaɓɓen dabino gefe. "Ɗanka tun yana ƙarami ba ya jure yunwa. In an makara da abinci sai ya riƙa cizon bakin rigarsa. Ka tuna, ko lokacin ma kana sama?"

Ya shiga ɗaki ya zauna, abincin da aka ajiye masa ya huce a inda yake.

Yammacin farko, jinjirin wata ya leƙo ta wata tsaga a can ƙasa, masu gadin ƙofofi suka gan shi, aka busa ƙaho. Amma sama da shi hadari ne baƙi ƙirin. Balatu ya rubuta, "Wata ya tsaya. Kaza: hadari, ban gani ba." Yamma ta biyu aka yi yayyafi tun la'asar, ya rubuta haka nan. Ya roƙi duk gunkin da ya san sunansa ya bar hadarin nan kwana ɗaya tak.

Yamma ta uku ma hadarin yana nan. Birni duka ya yi duhu da wuri, mutane sun shige gidaje, hazon ruwa ya kwanta a kan soraye har ba a ganin ƙofar gari daga hasumiya. Balatu ya zauna da allon a cinyarsa, ya ɗauki tsinke zai rubuta. Sai iska ta taso daga arewa ta yage hadarin a yamma, kamar an ɗaga labule. Ga wata nan, siriri, fes. Ga Kaza da 'Ya'yanta a gefensa, tsakaninsu bai fi yatsa biyu ba.

Bai fi numfashi ashirin ba hadarin ya koma ya rufe.

Hannunsa ya riga tunaninsa. Kafin ya ankara ya riga ya tsaga layin: "Ran uku, wata ya iske Kaza." Ya zauna yana kallon rubutun. Ya leƙa ƙasa, babu kowa a soro ko ɗaya, hazo ya rufe masu gadi. A duk faɗin Dur-Zakiti shi kaɗai ya gani. Yumɓun kuwa da sauran laushi, ba zai bushe ba sai gobe da hantsi.

Ya ɗora babban yatsansa a kan layin, ya danna, ya shafa. Ya lashi yatsan ya sake shafawa har wurin ya yi sumul. Sannan ya rubuta, "Ran uku, hadari, ban gani ba." Ya sauko a hankali.

Washegari fada ta cika. Magatakarda ya karɓi allon ya karanta da ƙarfi, layi uku, hadari uku. Hashdaya ya buga cinyarsa ya ce, "Madalla da malamin laka! Yau na yarda makanta ma tana da rana."

Waziri bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Makiyayin birni, mai riƙe da sandar kakanni, al'ada ta ce a bar shekara yadda take, ban kuwa ja da al'ada ba. Amma alƙawarinmu da Bit-Hamri sunan wata aka rubuta a cikinsa. Su ma suna da hasumiya, suna da mai duba, kuma hadarin da ya rufe mu ba lalle ya rufe su ba. In su sun ƙara wata mu ba mu ƙara ba, Nisanunmu daban, nasu daban. Ina roƙon a aika a tambaya, a dakatar da biki har amsa ta zo."

"Kwana goma zuwa, kwana goma dawowa," in ji Hashdaya, "sannan a fara biki. Waziri, in so kake a binne mutanen Bab-Shadi, faɗi kawai a fara haƙa."

Sarki ya daɗe yana shafa gemu. Can ya juya ƙarshen sahu. "Mai Duban Sama, idonka bai gani ba, mun ji. To allunan kakanninka fa? Shekara ɗari biyu suna kwance a ɗakin nan. Akwai wani abu a cikinsu da zai sa mu yi shakkar wannan shekara?"

Balatu ya ɗago kai. Ƙaryar jiya shi kaɗai ya yi ta, a kan yumɓu. Wannan kuwa a gaban sarki ce da mutum arba'in. Ya ga in ya ce akwai, za a tambaye shi mene ne, daga nan bikin ya tafi. Ya ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "A yi biki. A kuma aika manzo Bit-Hamri ya tuna musu ranar, don hankalin Waziri ya kwanta."

Aka yi biki kwana da kwanaki. Aka fito da gunkin birni a kan jirgi mai ado, sarki ya kama hannunsa, jama'a suka yi guɗa. Ran sha biyu runduna ta fita, mutum dubu huɗu, da karusai da jakuna da 'yan baka. Amtiya ta tsaya a bakin ƙofar gida har ƙurarsu ta kwanta, ta shigo ta dafa wa mijinta kifi da albasa irin yadda yake so, ta zauna kusa da shi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Gumaka sun ji mu, suka aiko hadari." Ya ce, "I." Ya ci loma biyu ya ce cikinsa ba daidai yake ba.

Kwanakin da suka biyo baya, Balatu bai yi magana da kowa ba sai dole. Da rana yana ɗakin alluna, yana ciro na shekara goma sha tara baya, da na talatin da takwas, da na hamsin da bakwai, ko zai sami wuri guda da tsarin ya saɓa. Bai samu ba. Ga hannun ubansa, mai tsaga a tsaye. Ga na kakansa, mai ɗan karkata. Ga na wani da bai san sunansa ba, wanda ya rubuta "ban gani ba" kwana goma sha ɗaya a jere, a shekarar da aka ce an yi yunwa, bai ƙara ko ɗigo ba. Da yamma ya hau, ya ga taurarin kowanne ya makara da fitowa daga inda ya kamata a ce yake a Nisanu, ya rubuta su yadda suke, kowane layi yana ƙaryata layin ran uku. Yana ta gaya wa kansa wataƙila hadari ya rufe Bit-Hamri ma.

Ran ashirin da huɗu manzo ya dawo. Aka fasa kwanson yumɓun wasiƙar a gaban sarki, Magatakarda ya karanta: "Daga Sarkin Bit-Hamri zuwa ga ɗan'uwansa Tabni-Ilu, gaisuwa. Wasiƙarka ta ba mu mamaki. Mai dubanmu ya ga wata ya iske Kaza ran uku, sarari garau, mutum ɗari sun shaida. Mu a Addaru na biyu muke. Ban kama hannun gunkina ba, ba kuwa zan fitar da mashi ko ɗaya ba sai na kama. Alƙawari yana nan: ashirin da biyar ga Nisanu, wato wata mai zuwa."

Sarki ya ce a ɗaura wa dawakai mafi sauri sirdi, a bi Hashdaya a ce ya tsaya. Kowa ya san tafiyar kwana biyar ce ko da an kashe dawakin da gudu.

Ga abin da ya faru a mashigin Zubi, yadda waɗanda suka tsira suka ba da labari. Hashdaya ya isa ran ashirin da biyar, bai iske kowa ba sai ruwa da tsuntsaye. Ya riga ya dogara da cewa runduna za ta ci daga gonakin hanya, amma duk inda suka bi sha'ir ɗanye ne, ba ya nikuwa, jakunan da suka ci shi cikinsu ya kumbura. Ya jira kwana biyu yana zagin Sarkin Bit-Hamri da kakanninsa. A rana ta uku ya tara shugabannin runduna ya ce, "In mun zauna yunwa ta ci mu, in mun koma ta ci na Bab-Shadi. Ku hura salkuna." Aka hura salkunan fata, mayaƙa suka rungume su suka fara ƙetarewa da hantsi. Mutanen duwatsu suna kwance a bayan tudu tun jiya, sun janye mafi yawan mayaƙansu daga ganuwa don wannan. Suka bari sai da rabi suka haye, rabi suna tsakiyar ruwa, sannan suka sako kibau. Salka in kibiya ta same ta shi ke nan, mai sulke ya nutse da sulkensa. Waɗanda suka haye suka haɗa garkuwa suka tsaya a bakin gaɓa har azahar, Hashdaya a gabansu da gatari, yana kiran sunayen mutanensa ɗaya ɗaya. Da ya faɗi, sahun ya watse. Mahayan sarki sun iso bayan kwana biyu, suka iske ungulu.

Labarin ya iso birni da tsakar rana. Washegari Waziri Ubaru ya zo ɗakin alluna shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba. Ya iske Balatu zaune a ƙasa. Ya ce a nuna masa allon ran uku. Ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya karkata shi, ya bi shi da yatsa.

Ya ce, "Karatuna bai kai naku ba, Mai Duban Sama. Amma layin nan na uku ya faɗa ciki, kamar an danna wurin."

Waziri ya dubi Balatu ya ci gaba.

"Ban zo don in kashe ka ba. Da haka nake so da na taho da Magatakarda. Ka saurara. Gobe sarki zai nemi wanda zai ɗora wa jinin mutum dubu huɗu. Ka ce Hashdaya ya hau hasumiya ya ɗora maka wuƙa a wuya ya sa ka shafe. Kowa ya san halinsa, kowa zai yarda, shi kuma ba ya nan balle ya musa. Kai a yi maka faɗa a bar ka."

"Gidansa fa?"

"Ka san dokar wanda ya yaudari sarki. Gida da abin da ke cikinsa."

"Yana da 'ya'ya biyar."

"Ƙanensa na jiran sarautar yaƙi, ni kuwa na gaji da mutanen gidan nan. Ka yi tunani. Kai ma kana da mata." Ya mayar da allon gurbinsa da kyau, ya kakkaɓe hannu, ya fita.

Da safe fada ta zauna ba kiɗa ba kirari. Sarki ya rame a kwana biyu. Kafin a kira kowa, Balatu ya taso daga ƙarshen sahu, ya bi ta tsakiyar fada har gaban gado, ya durƙusa, ya ajiye allo biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Makiyayin Dur-Zakiti. Wannan shi ne allon da na kawo ran huɗu, layinsa na uku ƙarya ne. Wannan kuma na rubuta shi jiya, shi ne abin da na gani. Hadari ya buɗe, wata ya iske Kaza ran uku. Na rubuta, na shafe da yatsana. Ka tambaye ni ko allunan kakannina suna da abin shakka, na ce babu, alhali akwai, na kuma san shi shekara da shekaru."

Sarki ya ce, "Wa ya sa ka?"

Waziri yana kallonsa. Balatu ya ce, "Babu kowa. Sarkin Yaƙi bai taɓa taka matakalar nan ba, ya mutu bai sani ba. Ɗana yana Bab-Shadi, na ƙirga kwanakin abincinsa."

Fadar ta ɗauki guna-guni, wani daga cikin dangin waɗanda suka mutu ya zabura sai da dogarai suka riƙe shi. Sarki ya bar su suka yi shiru don kansu. Sannan ya ce, "Ka sa na kama hannun gunkina a watan da ba nasa ba. Ka aika mutum dubu huɗu wurin alƙawari wata guda kafin ranarsa. Kowane ɗaya a cikinsu ɗan wani ne, Balatu. Doka ta ce a kashe ka, zuciyata ma haka ta ce. Amma in na kashe ka yau, babu wanda zai gaya mini ranar da zan sake bikin nan, don gidanku bai bar magaji ba. Za ka hau. Za a toshe matakala da tubali a hawa na shida. Abinci da yumɓu za su riƙa zuwa maka a kwando da igiya, allunanka su sauko ta nan, a gwama kowanne da na Bit-Hamri. Ranar da aka sami layi ɗaya ya saɓa, a daina aika kwandon. Gidanka na bar wa matarka. Gidan Hashdaya kuwa ba mai taɓa shi."

Ya juya ya ce a yi shela: watan da ya wuce Addaru na biyu ne, a gyara shi a kowane allo, sabuwar shekara yanzu ta shigo. Ya miƙa wa Waziri sandar runduna da abin da ya rage nata, ya ce ya nemi sulhu da mutanen duwatsu ko da za a bar musu hanyar gabas.

Dogarai suka ratsa da Balatu ta kasuwa. A gindin hasumiya Amtiya tana tsaye, magina na kwaɓa ƙasa a bayanta.

Ta ce, "Ashe ba hadari ba ne."

"Ba hadari ba ne."

"Saboda shi ka yi?"

"Saboda shi."

"To yana ina?"

Ta miƙa masa bargo da ta naɗe, ta koma gefe, ya fara hawa.

Daga hawa na bakwai ana hango hanyar gabas har inda ta shige cikin dabinai. Kwana da kwanaki waɗanda suka tsira suna dawowa, biyu biyu, uku uku, ba ya iya gane fuska daga can. Labarin Bab-Shadi a cikin kwando ya zo masa, a ɗan gutsuren yumɓu da Magatakarda ya tausaya ya rubuta. Ranar yaƙin mashigi, da mutanen ganuwa suka ga masu kewaye da su sun ragu, sai suka buɗe ƙofa suka fito da takubba. An kashe da yawa a bakin ƙofar, an ƙone ganuwar. Wani makiyayi ya ce ya ga kamar mutum sittin sun kutsa cikin fadamar kudu, wasu da bakuna a kafaɗa, mutanen duwatsu ba su bi su ba. Daga fadamar zuwa Dur-Zakiti tafiyar wata guda ce ga mai lafiya wanda ya san hanya.

Har ranar da aka sake bikin sabuwar shekara, babu ko ɗaya daga cikin sittin ɗin da ya iso, kuma babu wanda ya san ko Nadinu yana cikinsu.